In na yi nishi ko na sha morfin, ladan haƙurina ya tafi ke nan?

Madam ta Zariya ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ƙarfe biyu da rabi na dare ne, gida ya yi tsit sai ƙarar fanka, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na kasa faɗa wa mutanen gidanmu.

Ni malamar lakwal ce a nan Maradi, shekarata 46, na yi 21 ina riƙe da alli. Shekara biyu da suka wuce na ji wani ɗan ƙullutu a mamana na hagu, bai wuce ƙwallon magarya ba. Na yi wata biyar ina shafe-shafe da jiƙe-jiƙe kafin in je likita, wannan laifina ne, na sani, kada a maimaita mini. Aka ce kansa ce, aka cire maman, na yi shimiyo, wato ƙarin ruwan maganin kansa, sau shida a Yamai, kowane sati uku in hau motar asuba, Madawa, Konni, Dogon Dutsi, Doso, in isa da yamma kamar an yi mini duka. Gashi ya zube, farce ya yi baƙi, ko tuwo na sa a baki ƙarfe nake ji. Daga baya na warware har na koma aji na yi shekara guda cur. Bayan sallar layya sai baya ya fara. Hoto ya nuna abin ya sauka ƙashin ƙugu da na baya.

Da rana kamar an aza mini buhun gero ne, ana iya zama da shi. Da dare kuwa kamar an gasa basilla ana tura mini a ƙugu a hankali.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta zo daga Tibiri tana jinyata. Ita ke wanke ni, ita ke dama mini kunu, ba ni da bakin gode mata. Amma ta haifi tara, kuma ta ce ba wanda ya taɓa jin muryarta a kan gwiwa. In na yi nishi sai ta dafa ni ta ce, "Ɗiyata, rufe bakinki, mala'iku na rubutu. Nishi ƙarar Ubangiji ce kike kaiwa." Yanzu gefen matashi nake cizo, har ya huje wuri biyu.

Likita ya rubuta mini tramadol. Ƙanen maigidana ya ga kwalin ya ce, "Tramol kuma? Abin ƴan kabu-kabu?" Tun ranar a cikin kwanon jere nake ɓoye shi, kuma ba na sha sai na ji zan mutu. Zuwana na ƙarshe likita ya yi maganar morfin, maganin ciwo da ya fi tramadol ƙarfi, na ce ya bari in yi shawara. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Na ji ana cewa wanda aka fid da rai da shi ake ba, kuma yana gusar da hankali. Ba na son a zo ɗaukar raina ina cikin maye, ban san ko na yi salla ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba ƙugun ba ne ma. Ni ce mai yara 83 a aji, in na ɗaga gira kowa ya nutsu. Yau buta sai an ɗaga mini. Yarana na CM2, ajin ƙarshe na firamare, sun zo gaishe ni na ce a ce ina barci. Satin da ya wuce, cikin dare, na ce a zuciyata Allah ka ɗauke ni in huta. Tun daga nan nake jin kamar na fita daga sahun masu haƙuri.

Don Allah masu sani, nishin nan da maganin nan suna cinye ladan? Kuma waɗanda suka bi ta wannan hanya, da me kuka riƙe zuciyarku?

Tsohon Majo ya rubuta:

Wa alaikumus salam Madam. Sannu, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Na yi shekara 30 da ɗoriya ina aikin jinya, daga ƙauyukan Dakoro har cikin gari, don haka zan tsaya inda na sani in bar wa malamai nasu.

Ranar da likita ya ce miki ya jiki, me kika ce? Ko ban ji ba na san "da sauƙi" kika ce. A wurinmu gaisuwa ce, amma shi a takarda yake rubuta ta, kuma da ita yake auna maganin da zai ba ki. Na sha ganin dattijo ya dafe bango, gumi na tsiyaya daga gemunsa, ka tambaye shi ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ke da kika saba ba yara maki a kan goma, ki ba ciwon nan maki: 0 babu komai, 10 mafi tsanani da kika taɓa ji. Ki samu littafin ƴan lakwal ki ja layi huɗu: lokaci, makin ciwo, abin da kika sha, awa nawa ya riƙe ki. Shi za ki miƙa wa likita.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin maganin ciwon kansa mai hawa uku. Na ƙasa su farasitamol, na tsakiya su kodin da tramadol, na sama morfin da ƴan'uwansa. Girman ciwo ne ke sa a hau, ba kusantar kabari ba. Na san waɗanda suka yi shekaru suna shan morfin suna zuwa kasuwa. Sharaɗin da kike karyawa kuma shi ne na agogo. Ba a jira ciwo ya tashi sannan a sha, a kan lokaci ake sha ko da kin ji daidai, don wutar da ta kama zana ta fi wuyar kashewa. Akwai morfin na kowace awa 4, akwai na awa 12, likita ne zai zaɓa, ya fara da kaɗan yana ƙarawa gwargwadon abin da littafinki ya nuna.

Ba zan ɓoye miki illarsa ba. Kwanakin farko za ki yi ta gyangyaɗi, wataƙila da tashin zuciya, waɗannan sukan wuce cikin ƴan kwanaki. Wanda ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, don haka kada ki bar gaban likita ba tare da ya haɗa miki da mai sassauta ciki ba. Hankali kuwa ba ya tafiya in an bi awo. Ki tambayi kanki ma, a daren da kike cizon matashi, raka'a nawa kike yi da hankalinki a jikinki? Bambancinki da yaron da ke afa tramol a tasha shi ne shi ba ciwon da maganin zai tarar, ke akwai. Sai dai abu biyu: ba a yanke shi rana ɗaya, kuma a kulle shi inda samarin gida ba za su kai ba. A Yuganda tun 1993 ake kai wa masu kansa morfin na ruwa a kwalba har gida, daga 2004 ma har ma'aikatan jinya da aka horar suna rubuta shi. Mu nan ba kowace farmasi ke da shi ba, kuma da takarda ta musamman ake sayensa, saboda haka kada ki bari sai ya ƙare ki fara nema.

Ki kuma tambayi likitanki maganar gashi da na'ura, wato a haska wurin ciwon don a ƙona kansar. Tun 2021 ana yi a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai, kuma ciwon ƙashi irin naki na cikin waɗanda suka fi jin gashi, sau da yawa zama kaɗan ne. Sannan ki riƙe wannan da kyau, ki karanta wa maigida: in kika ji ƙafafu sun yi nauyi ko sun mutu, ko fitsari ya tsaya, ko yana zuba ba ki sani ba, ba a kwana da shi a gida. Alama ce ta abin ya danne lakar baya, kuma awoyi ne ke raba tafiya da zama.

A wani horo da aka yi mana an ba mu labarin wata likita ƴar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta ce ciwon mai kansa igiya huɗu ce a murɗe: ta jiki, ta zuciya, ta iyali da aljihu, da ta tsakaninsa da Ubangijinsa. Da na ji sai na ce ai mun daɗe da gani. Tsoro da rashin barci suna ƙara wa ciwo kaifi, shi ya sa ƙarfe biyun dare ta fi ƙarfe biyun rana zafi alhali ƙashin ɗaya ne.

Almajirin Limanci ya rubuta:

Malama, Allah ya ba ki lafiya, ya saka wa Gwaggo da alheri a kan jinya. Amma maganarta al'ada ce ta dauriya da kunya irin tamu, ba hukunci ba ce.

Annabi Ayyuba, wanda ake buga misali da haƙurinsa, cewa ya yi cuta ta shafe ni, kai ne mafi jinƙan masu jinƙai. Yana cikin Suratul Anbiya, aya ta 83. Bayan ya faɗi haka ne fa Allah ya ce a Suratu Sad mun same shi mai haƙuri. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya ce ina kai kukana ne ga Allah. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da kansa ya ce wayyo kaina a gaban Nana A'isha, kuma ya gaya wa Ibn Mas'ud cewa zazzaɓinsa na mutum biyu ne. Hadisan nan biyu suna cikin Buhari. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah, da cewa don me ni, da yaga tufa da marin fuska. Nishin da ciwo ya matso daga ƙirji ba ya cikinsu.

Maganar da kika yi a zuciyarki kuwa, je ki Suratu Maryam, aya ta 23. Naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino ta ce ina ma na mutu kafin wannan. A kan gwiwa ta faɗa, da murya. Ba a tsawata mata ba. Aka ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa a ƙarƙashinki, girgiza kututturen dabinon nan. Ina yawan tsayawa a nan in na zo wurin. Mace mai naƙuda ina ta ga ƙarfin girgiza dabino? Wanda ya ba ta ɗa ba uba ai yana iya zubo mata ba ta motsa ba. Amma aka ce ta sa hannunta. Littafin da Majo ya ce ki buɗe, da maganin da za ki sha a kan lokaci, ni a nan nake ajiye su.

An dai koya mana abin da za mu ce maimakon roƙon mutuwa: Allah ka raya ni matuƙar rayuwa ce ta fi mini alheri, ka ɗauke ni in mutuwa ce ta fi. Ga wurin ciwo kuma, abin da aka koya wa Usman bin Abil As: ki ɗora hannu a ƙugun, bismillahi sau uku, sannan sau bakwai a'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru.

Salla ba ta da wuya a kanki. Imrana bin Husaini da basir ya dame shi an ce masa ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. In ruwa na cutar da ke ko ɗaga buta ya gagara ba mai taimako, ga taimama. A Risala ma an yarda wa marar lafiyar da ke tsoron hankalinsa ya rinjayu ya haɗa azahar da la'asar, magariba da isha'i, to kwanakin gyangyaɗin nan ba abin tsoro ba ne. Kuma hadisin Abu Musa ya ce in bawa ya yi ciwo ana rubuta masa irin abin da yake yi yana lafiya. Nafilolinki da karantar da yaran nan 83 ba a rufe littafinsu ba.

Kada ki yi jayayya da Gwaggo. Ki sa wani babba da take jin nauyinsa ya ba ta labarin Nana Maryam kamar hira.

Na Bakin Kasuwa ya rubuta:

Allah ya sawwaƙe Hajiya. Ni dai shawarata kada a yi saurin kai ki ga morfin ɗin nan, in jiki ya saba shi ke nan. Akwai wanzami a hanyar Madarunfa da ya yi wa yayata ƙaho a baya, ta samu sauƙi sosai. A haɗa da rubutu da zuma da habbatus sauda. Turawa ba su san komai a kan daji ba sai yanka.

Tsohon Majo ya rubuta:

Alhaji, ciwon bayan yayarka daban, wannan daban. Ƙashin da kansa ta ci ya yi rauni, danna shi da ƙarfi na iya karya shi, kuma mai shan magungunan kansa tsaga kaɗan kan zame mata gyambo. Hannunta na hagu ma, inda aka cire maman, ko allura ana gudun yi a nan balle aska. Zuma da addu'a ba wanda ya hana. Duk wani jiƙo kuma a nuna wa likita tukuna, ƙoda da hanta ne ke biyan kuɗinsa.

Inna mai ƙuli-ƙuli ta rubuta:

Jikata ce ke rubuta mini, ni ban yi lakwal ba. Ta karanta mini maganarki na ce sai na amsa.

Ƙanwata, ni tawa kansar ta bakin mahaifa ce, shekara uku ke nan. An yi mini gashi a Yamai, na zauna gidan ɗan wana sati bakwai ina kwana a tabarma cikin zafin da ba irin namu ba. Yanzu ina shan abin nan da kike tsoro. Ga ni ina magana da ke, na san yau laraba, na san wadda ta ci bashin mai kwalba biyu ba ta biya ba.

Da na kwanta, ƴaƴana don tausayi suka karɓe komai. Tuyar, cinikin, har gwangwanin da nake ajiye kuɗi. In na ce a ƙara gishiri sai a ce Inna ki huta. Wallahi wannan hutun ya fi ciwon kashe ni. Mutum na kwance ana shawara a kansa a tsakar gida kamar an riga an yi sadakar uku. Wata safiya na ce a kawo mini tiren gyaɗa nan bakin gado. Na tsince ta tas, na fid da ruɓaɓɓu, ya ɗauke ni har azahar abin da da nake yi kafin shayi ya huce. Washegari na ce a maido mini gwangwanina. Ba na iya murza tunkuza yanzu, amma ba a sauke kasko sai an kawo mini ɗaya na ɗanɗana. Ranar da na yi tsintar nan ciwon yana nan, amma ba shi kaɗai ne a ɗakin ba.

Dare kuma ga yadda nake yi. Na lura in na sha maganin yakan ɗauki kamar rabin awa kafin ya kama. Da can wannan rabin awar ce lahira, ina ta juyi ina cewa ba zai yi aiki ba. Sai na auna ta da tasbaha. Salatin Annabi a hankali, ina jan numfashi a kowane ɗaya, zagaye biyar ne. Yanzu in ya taso na san iyakarsa: biyar. A na biyu ina kuka, ba na ɓoyewa. A na huɗu kafaɗuna sun sauka. Akwai daren da ba na kai na biyar. Akwai kuma daren da nake yin goma bai saki ba, ran nan sai in tada yarinyar nan ta murza mini ƙafa, da safe a kira likita.

Ni ma na haifi bakwai ban yi kuka ba, ki gaya wa Gwaggonki. Naƙuda tana da gari ya waye, ga jariri a hannu. Wannan ba irinta ba ce.

Yaranki kuma ki bari su shigo. Ki ɗaura kallabinki mai kyau ki sa kwalli. Ba ƙugunki suka zo gani ba.

Madam ta Zariya ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kwana tara ke nan, ga inda aka kwana.

Baba Majo, na buɗe littafin. Daren farko na rubuta 9, sai na ji kunya na goge na mai da shi 6, sannan na tuna yadda nake yi wa yaron da ya gyara makinsa, na mayar da 9 ɗin. Da likita ya ga shafi uku ya ɗago ya dube ni ya ce, "Madam, ai ke kullum da sauƙi kike ce mini." An fara morfin ɗin. Kwana uku ina barci kamar jaririya, har na tsorata, na haɗa salloli yadda Malam ya ce. Yanzu dare yana tsayawa 4, wani lokaci 5. Maganar bayan gida gaskiya ce, ban ɗauke ta da muhimmanci ba sai da na ji a jikina. Kuɗin kuma ba wasa ba, mun taɓa adashen da na ajiye don auren ɗiyata, wannan bai bar ni barci ba shi ma.

Malam, limamin unguwarmu ya zo dubiya, maigida ya riga ya yi masa bayani a zaure. Ya kawo labarin Nana Maryam. Gwaggo ta saurara har ƙarshe ta ce, "To ai ita Maryama ce." Ba ta sauka daga ra'ayinta ba, amma shekaranjiya da na yi nishi ba ta ce komai ba, ta dai ci gaba da murza mini baya.

Inna, nawa zagaye shida ne, wataƙila na fi ki sauri. Wadda ta riƙe mini aji ta aiko da littattafan dikte, wato shifta, na yara 20 jiya, na gyara 11 kafin hannu ya gaji. Wani yaro har yanzu yana rubuta sunan garinmu da harafi biyu a tsakiya, tun yana CE2, aji na huɗu, nake fama da shi.

An ba mu ranar ganin likitan gashi a Yamai, sati biyu masu zuwa. Abin da ke damuna yanzu zaman motar ne, kilomita fiye da 600 a kan ƙugun nan. Wanda ya taɓa kai marar lafiya irin haka, kujera biyu kuka saya ko yaya kuka yi? Kuma ana barin mutum ya wuce shingayen hanya da maganin in yana riƙe da takardar likita?